Tartsatsi da Zarton Babanmu

Mijin yayata maƙerin wuƙa ne, kuma zan faɗa tun daga farko, ba na son sa. Tartsatsi ake ce masa a layinmu, saboda ba ya yarda da ƙarfe sai ya kara shi a injin wasa wuƙa ya ga irin wutar da zai fitar. In ta fito doguwa shiru, sai ya yar, ya ce wannan ko albasa ta fi ƙarfinsa. In ta fito tana fashewa, sai ka ga haƙoransa a waje. Kullum da ɗan magagari a aljihunsa. Mutumin nan ko gaisuwar rashi ya je, sai ya goga shi a ƙofar mutane, wai yana so ya ji ko zai ci ko zai zame.

Ya iya aiki, ba zan yi masa ƙarya ba. Sifirin ɗin mota, tsohon magagari, duk yana mayar da su wuƙa. Amma abin da ya fi so shi ne tsohon zarto. Cewa yake na yanzu haƙoran kaɗai ne ƙarfen kirki, sauran gwangwani ne, na da kuwa tun daga baki har gindi abu ɗaya ne.

To, babanmu kafinta ne, ni ma haka, kuma da ya rasu zartonsa kaɗai na roƙa a bar mini. Ƙotarsa har ta lotsa daidai yatsunsa. Da shi nake aiki, in na tashi in rataye shi a ƙusa ta wata 'yar huda da ke bakinsa. Tartsatsi kan shigo shagona ya ɗalle shi da farce, ya saurari ƙararsa yana lumshe ido. Ya roƙa na hana, ya turo Yaya na hana.

Sai na tafi aikin rufin wani gida na 'yan kwanaki, na bar zarton a rataye. Ashe ya zo ya ce wa matata zai gyara mini haƙoran zarton, ita kuma ta ba shi don girmansa. Na dawo na tarar da ƙusa ita kaɗai a bango. Ko zama ban yi ba na nufi maƙerarsa, na ga ƙotar a yashe kusa da buhun gawayi.

"Haba ƙanena," in ji shi, yana dariya. "Katako kawai yake ci a wurinka. Yanzu gida-gida yake aiki."

Na shaƙe shi. Yaya ce ta fito da kuka ta raba mu, ta roƙe ni kada Inna ta ji, saboda hawan jininta. Na yi shiru, shi kuwa don rashin kunya har ya kai wa Inna ɗaya daga cikin wuƙaƙen da ya ƙera da zarton kyauta.

Ina zaune a tsakar gida Inna tana yanka albasa da wuƙar, tana yaba kaifinta, tana sa masa albarka. Can yatsanta ya faɗa 'yar hudar da ke gindin wuƙar. Ta tsaya, ta juya ta, ta goge ta da zanenta. Baba ne ya huda ta da hannunsa, ranar da ita Innar ta ce ya rataye zarton sama kada mu yara mu yanke.

Ta ajiye wuƙar a kan tabarma, ta dube ni.

"Auta, ina zarton babanku?"