Mai Fito a Kan Kwalta

Kafin masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu, kafin ni in gama lallashin gwiwoyina su yarda su sauko daga gado, Baba Mai Fito ya riga ya iso bakin titi. Yakan zo da filafilinsa na tuƙin kwale-kwale a kafaɗa, da 'yar kujerar katako wadda ban taɓa ganin ya zauna a kanta ba, kullum wani yake ba. Zai jingine ta a gindin fitilar hanya, ya share tsakuwar da motocin yashi suka zubar, sannan ya tsaya ya zuba wa titi ido yadda ya saba zuba wa kogi. Daga nan ƙetarar da mutane yake yi har rana ta yi zafi. Ya je ya huta, da la'asar ya dawo, ba ya tafiya gida sai an daina ganin fuskar direba ta gilashi.

A ƙarshen watan nan zai ajiye aikin. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya tana neman na biyu, 'yarsa kuma ta ce magana ta ƙare, za ta kai shi a yi masa aiki, daga asibiti ya wuce gidanta. Shi ya sa na ce bari in yi wannan rubutu tun yana kusa, a karanta masa, inda na yi ƙari ya ƙaryata ni.

Ga wanda bai san unguwarmu ba, gidajenmu na kallon kogi, amma tsakaninmu da shi akwai babban titin da ya nufi gada. Gadar nan ce ta kashe wa Baba sana'a. Tun yana saurayi yake fito da mutane zuwa wancan ƙetaren, da aka gama gada sai ya kife jirginsa a mashigi, ya koma zaman ƙofar gida yana gyara ragar masunta.

Ana nan sai hukuma ta shimfiɗa hanyar tafiya da ƙafa da ta kekuna a bakin kogin. Abin ya yi kyau, ba na musu: daɓe sumul, kujeru, inuwa. Ni kaina ranar da aka buɗe na je na sayi takalmin motsa jiki, saboda likita ya daɗe yana kallon tumbina da idon tausayi. Takalmin yana nan, har yau ƙasansa bai san wahala ba.

Matsalar ita ce ƙofar shiga hanyar ta faɗo daidai bakin layinmu, kuma daidai kwanar da direba ba ya ganin gabansa sai ya shawo ta. Mutane suka yi ta zuwa daga wasu unguwanni, kowa ya ajiye motarsa a ƙofar gidan wani ya tafi shan iska. Masu kekuna kuma su gangaro daga hanyar a guje su faɗa titi kamar an koro su. Ba a jima ba mota ta kwashe wani magidanci da kekensa, ya karye a cinya. Ranar ce haƙurin unguwa ya ƙare.

Aka yi taro a harabar makaranta. Mai kemis ne ya ja gaba, kuma in za a faɗi gaskiya maganarsa ba ta banza ba ce. Shi ya ɗaure wa mutumin nan ƙafa kafin a samo mota, motocin baƙi kuma sun toshe masa ƙofar shago har mai neman magani sai ya bi ta gefe kamar ɓarawo. Ya ce an roƙi hukuma ta sa danja an ce ana dubawa, to kafin a gama dubawa kada a ɗauki gawar ɗan wani. A toshe ƙofar da bulo, mai son yawo ya zagaya ta ɗaya ƙofar da ke can gindin gada. Mafi yawan mutane suka goyi bayansa.

Ni kuwa ina zaune ina tunanin Inna, mahaifiyata. A shekarar ce ta samu shanyewar ɓarin jiki. Da ta fara miƙewa likita ya ce ta riƙa takawa kullum a wuri mai laushin tafiya, in ta zauna ƙafar za ta zauna tare da ita har abada. Layinmu ramuka ne da kwata, tsakar gidanmu kuwa in ka yi taku kaɗan ka ci karo da bango. Hanyar bakin kogi ce kaɗai muke da ita, gindin gada kuma ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba. In aka toshe ƙofar nan, an mayar da Inna ɗaki ke nan. Na shirya jawabi mai kyau a raina, ina ta gyara masa farko, har Baba Mai Fito ya miƙe daga baya ya riga ni.

Bai yi dogon bayani ba. Ya ce a bar ƙofar, shi zai riƙa fito da mutane. Aka yi dariya, wani ya tambaye shi ko jirgin zai jawo kan kwalta. Ya ce jirgi ya ruɓe, amma mai jirgi yana nan. Mai kemis ya yarda bisa sharaɗi: muddin akwai mai tsayuwa ƙofa tana buɗe, ranar da aka sake buge wani ko aka rasa mai tsayuwa, magini zai zo.

Washegari muka ga abin da yake nufi. Baba ba ya ƙetarar da mutum ɗaya. Sai ya tara mu a bakin titi ya ce jirgi bai cika ba, ko da kuwa kana sauri. In mun taru ya jera mu yadda yake jera kaya: tsofaffi da yara a tsakiya, masu ƙarfi a gefe, ni yakan sa ni ta ɓangaren da motoci ke zuwa, ban kuma taɓa tambayarsa dalili ba don ina tsoron amsar. Mai keke dole ya sauka ya tura. Ba a gudu, ba a juyawa baya in an shiga. Motar yashi mai kaya ba ya tare ta, ya ce wannan ko a ruwa kauce mata ake yi, sai ta wuce. Idan ya ga rata sai ya shiga shi kaɗai, ya ɗaga filafili, ya tsaya har idonsa ya haɗu da na direba. Sai sun ga juna sannan ya ce mu taho. In mun haye ya sauke filafilin ya gaishe da direban da hannu biyu, kamar wanda aka yi wa kyauta.

Da farko zagi ya sha. Direbobi suka sa masa suna Danja, suna leƙowa suna tambayarsa wa ya ɗauke shi aiki. Yakan amsa da tambayar lafiyar iyali. Yau da gobe sai ga shi ya san wanda matarsa ta haihu da wanda birkinsa ke ƙara, su kuma tun kafin su shawo kwana suke ɗaga ƙafa, don ba wanda ke son ya buge mutumin da ya yi masa barka jiya.

Motocin baƙi ma shi ya raba mu da su. Tsohon mashiginsa fili ne da ciyawa ta cinye. Ya nemi matasan layi suka sare ta, duk baƙon da ya zo zai tsaya a ƙofar wani sai Baba ya matsa ya ce masa nan ba maɗaurar jirgi ba ce, ya nuna masa can. Mai kemis ya samu ƙofarsa. Telan layinmu kuwa ya rantse min ya ga yana aika wa Baba maganin ciwon gwiwa a ɓoye.

Tela ne kuma ya ga abin da ya faru da wani mai keken tsere, irin masu matsattsun kaya da hular kwano. Ya gangaro a guje, Baba ya ce ya sauka, ya yi kamar bai ji ba. Baba ya gitta masa filafili a gaba, mutumin ya karkace ya faɗa cikin shuke-shuken bakin hanya. Ya tashi yana kumfar baki, bai gama jimlar farko ba motar yashi ta shawo kwana ta wuce ta inda da yanzu yake. Tela ya ce mutumin ya tsaya yana kallon bayan motar, sannan ya ɗauki kekensa ya shiga layi a bayan wata mai goyo. An so a lissafa wannan a matsayin haɗari, aka kwana biyu ana gardama, daga ƙarshe mai kemis da kansa ya ce faɗawa cikin ciyawa ba ta cikin sharaɗi.

Abin da na gani da idona shi ne ranar da ƙafar Inna ta ƙi a tsakiyar titi. Muna cikin ƙetarawa ta tsaya cak, ta dafe sandarta. Motoci sun taru ta kowane gefe, hon na tashi. Ni na rikice, ina jan hannunta ina cewa ta daure, wanda shi ne abin da bai kamata a yi ba. Baba ya ce in sake ta. Ya juya wa motocin baya, filafili a sama, ya sunkuyo kusa da ita. Ashe sun san juna tun tana ƙetarawa da kayan lambu zuwa kasuwar wancan gefen.

"Yaya, ke da kika shiga jirgina da kwando a ka ruwa na hauka ba ki ko ƙifta ido ba, yau kwalta ce za ta kayar miki da gaba?"

"Jirginka mai yoyo?" in ji Inna. "Har yau ban yafe maka zanena da ka jiƙa ba."

"To taka mu isa gaɓa, sai ki kai ni ƙara."

"Kai ma ka san da ina da ƙafa da tuni na kai ka."

Tana faɗa tana jan ƙafar. Wani direban babbar mota ya kashe injinsa ya sauko, ya tsaya a gefenta yana harara duk wanda ya taɓa hon. Haka muka haye, a hankali, tana zagin jirgin da ya ruɓe tuntuni. Da muka isa ya zaunar da ita a kujerarsa ya koma ɗauko na baya. Da yamma na je yi masa godiya, ya ce in bar godiya in koyi riƙe tsohuwa: ba a jan wanda ya tsorata, hira ake ba shi.

Yanzu Inna tana takawa har wurin da masunta ke shanya raga ta dawo. Ta daina riƙe hannuna, ta ce ina rage mata sauri.

Baba, kai ne ka ɗauki aikin da ba wanda ya ba ka, ba albashi ba riga, ka tsaya cikin rana da ruwan sama a gaban ƙarfen da ba ya jin magana. Kai ne gada ta raba da abincinka, amma ba ka yi fushi da masu hawanta ba, ka koma kana gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Na bakin ruwa, mai kai kaya gaɓa ba a jiƙe ba, ban da zanen Inna. Tunda ka tsaya a wurin nan ba a sake ɗaukar kowa a kwance ba. Yaran da ke zuwa hawan keke da yamma ba su san an taɓa shirin toshe ƙofar ba, kuma rashin saninsu aikinka ne.

Sai dai sharaɗin nan yana nan bai mutu ba. Danja har yau ana dubawa. Mai kemis ya tuna mana a makon jiya cewa ranar da aka rasa mai tsayuwa magini zai zo, kuma ban ga laifinsa ba, kwanar ba ta miƙe ba don Baba ya tsufa. Tela ya ɗauki wasu ranaku, wata malamar makaranta ta ɗauki yammacin da ba ta da aji, direban nan da ya sauko wa Inna ya ce ranar hutunsa tamu ce. Ni ma na ɗauki safiya ɗaya. Baba yana koya mana kafin ya tafi. Da ya gwada ni ya ce faɗin tare mota kam Allah ya ba ni, saura in daina kallon ƙafafuna in kalli direba. Har yanzu akwai ranakun da ba su da kowa.

Mun gode, Baba Mai Fito. Allah ya buɗe idon, ya ba gwiwoyin hutu, ya saka maka da abin da mu ba za mu iya ba. Ku kuma maƙwabta, da ku masu zuwa shan iska daga nesa, ba a ce sai kun iya tuƙin jirgi ba. Tsayuwa ce da haƙuri da gaisuwa, kuma mai koyarwa yana nan har ƙarshen wata.

Na tambayi Inna ko za ta ɗan dakata da fita har mu ga yadda abin zai zauna bayan tafiyarsa. Ta dube ni yadda take dubana tun ina yaro in na kawo shawara, ta ce ƙafar da aka sha wahala aka tayar ba za ta kwantar da ita don jiran mu ba. Ranar ɗaya ga wata za ta fito da sandarta ta tsaya a bakin titi. Duk mai safiya guda da ba ya komai da ita, ya zo ya same ta a can ya tare mata titi.