Inda Sukarin Ustaz Wagdi Ya Tafi

Ina tsaka da tuyar ta'amiya, ƙosanmu na Masar, mutane sun yi layi, sai ga Ibtisam 'yar Ustaz Wagdi ta tsallako titi da silifas wari da wari. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Ammu Sha'aban, Baba ya cika." Na yi salati, na ci gaba da juya matsami kamar ban ji ba, har kaskon ya ƙone ƙurmus. Shekara arba'in ina tuya a Damanhur, ban taɓa ƙona kasko ba sai ranar.

Takardar naɗi ce ta haɗa ni da Ustaz Wagdi. Kamar kowane mai tuya, da tsofaffin takardun 'yan makaranta nake naɗe wa mutane. Wata safiya wani dogo mai tabarau ya saya, ya buɗe, ya bar abincin yana hucewa ya tsaya karatu. Wani ɗalibi ne ya rubuta cewa idan aka zuba sukari a shayi, mutuwa sukarin yake yi.

Ya ce, "Ba ni sauran takardun nan."

Na ce, "In naɗe da me? Da rigarka?"

Washegari ya zo da ɗaurin jaridu muka yi musanya. Daga nan ban sake rabuwa da shi ba.

Malamin kimiyya da lissafi ne, amma amsar daidai ba ta burge shi. Cewa yake amsar daidai ta littafi ce, ta kuskure ita ce ta yaron. Sai ya zaunar da ɗalibi ya ce, "Me ya sa ka ga haka?" ya rubuta duk shirmen da aka faɗa masa, da suna da kwanan wata. Ya cika littattafai ashirin da uku. Abin da ya gano, a faɗarsa, shi ne kowane ɗalibi aljihu biyu gare shi: ɗaya na jarrabawa, ɗaya na gida. Zai rubuta maka abin da ka koya masa ya cinye maki, ya koma gida da tsohon tunaninsa ko ƙwarzane babu.

Har ni ya gwada. Ya aro ma'aunin mai kayan ƙamshi, ya ɗora kofin shayi da sukari a gefe, ya auna. Ya ce, "In na zuba na juya, nauyin zai ragu?" Na ce dole ya ragu, abin da ya ɓace ai ya ɓace. Ya zuba, ma'auni bai motsa ba. Na ce ma'aunin ne maƙaryaci, kowa ya san mai shi. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Kai kaɗai babi guda ne, jakin Allah."

Abin haushi, da ciwon sukari ya kama shi, cokali huɗu yake zubawa a ɓoye a rumfata. In na yi magana ya ɗaga kofin ya ce, "Kana ganin sukari a nan? Ya mutu."

Wata tsohuwar ɗalibarsa, Dakta Nermin, tana binciken yadda yara ke koyon kimiyya a jami'a a Iskandariyya. Sau uku tana roƙonsa littattafan, yana hana ta. Ni kaɗai ya gaya wa dalili: tsoro yake manyan masana su buɗe su ga ba komai ciki sai surutun yara. Kuma ya san in ba su je can ba, wurina za su ƙare.

Haka kuwa aka yi. Bayan sadakar arba'in, matarsa Ummu Tarik ta aiko min da littattafan a kwali, kamar yadda kowane gida a unguwar yake min da tsohuwar takarda. Ta ce, "Kishiyoyina ne, ka naɗe ta'amiya da su." Ban ga laifinta ba, shekara talatin suna cinye mata kabad. Takarda ce mai kauri, irin wadda ba ta yoyo. Na shafa ta, na rufe kwalin, na rufe rumfa ranar Talata, na hau jirgin ƙasa zuwa Iskandariyya da shi a cinya.

Dakta Nermin ta buɗe littafi na tara, ta fashe da dariya tana share ido. Sunanta ta gani, tana shekara goma sha biyu, ta ce sukari yana komawa cikin cokali. Yanzu ita da ɗalibanta suna bin littattafan shafi-shafi. Ta ce min sun sami babina.

Kwana biyu kafin Ustaz ya rasu na je gaishe shi da la'asar. Ya rame, tabarau ya yi masa yawa. Ibtisam ta kawo masa shayi ba sukari, ya kurɓa ya ɓata fuska.

Ya ce, "Sha'aban, in ka naɗe ta'amiya da littattafaina, ban yafe ba."

Na ce, "Wa zai ci? Rubutunka kaɗai ya isa ya ɓata wa mutum ciki. In kai wa Dakta?"

Ya daɗe yana kallon kofin. "Ka bari sai ba na nan. In za su yi dariya, kada in ji."

"To."

Sai ya ce, "Tsakaninka da Allah, nauyin yana raguwa?"

Na riƙe hannunsa na ce, "Yana raguwa, Ustaz."

Ya lumshe ido yana murmushi. "Shekara talatin. Allah ya shirye ka."