Makau Ya Fasa Komawa Rami

Makau mutumin Dareta ne, kuma haƙa ya tashi ya iske ana yi. Tun yana saurayi yake shiga ramin zinari. Shekarar da gubar dalma ta yi ta ɗaukar yara a ƙauyen, ta haɗa da ɗiyarsa Zulai. Bayan sadakar arba'in ya kwashi matarsa Kulsum da ɗansu Nazifi, suka koma Anka da zama.

A Anka ya zama mai haƙar rijiya. Aikin ya karɓe shi, don garin na ta faɗaɗa, mutanen ƙauyuka na ta shigowa, kowane sabon gida kuma yana son ruwa. Sai motar haƙa burtsatse ta fara zuwa daga Gusau. Abin da Makau zai yi makonni yana fama da shi, injin ya gama kafin la'asar. A hankali aka daina aiko masa.

Ana cikin haka tsohon abokin aikinsa Lauwali ya zo. "An samu sabon rami can daji, dutsen na da kyau. Zaman mi kake nan?"

Da yamma Kulsum ta ga Makau yana wasa bakin digarsa.

"Baban Nazifi, komawa za ka yi?"

"To mi za mu ci?"

"Ko garin kwaki ne mu sha. Ni dai kar ƙurar dutsen nan ta sake shigo min gida."

Ya ci gaba da wasa bakin digar. Ranar Juma'a ya shirya tafiya duk da haka. Bayan an sauko daga masallaci, wani magini mai suna Ishaq ya tare shi a bakin hanya.

"Kai ne Makau mai rijiya? Mun tayar da gidaje bayan gari, ƙasar wajen tsauri gare ta, leburorina sun kasa. Ramin masai muke so, da na tushen gini. Ka iya?"

Makau ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba. "Ƙasa ce dai ko? Mu tai in gani."

Inda ya san gonakin gero ne, ya tarar da bulo jere har iya ganinsa. Ya fara washegari. Kafin ya gama na Ishaq, maƙwabta sun fara tambayarsa. Yau mutum huɗu ke aiki tare da shi, biyu daga cikinsu tsofaffin mahaƙan zinari ne. Aikin ba mai daɗin faɗi ba ne, akwai masu yi masa ba'a da sarkin masai, shi kuwa ko a jikinsa.

Lauwali ya tafi dajin shi kaɗai, har yanzu yana can. Makau yakan dawo gida kafin magariba, ya yi wanka, Kulsum ta ajiye masa tuwon dawa, ya ci ya miƙe ƙafa a tabarma yana sauraron rediyo.