Katafilar Aulis da Tsattsewar Filin Harbi

A ƙauyenmu, can gabashin Finland inda bishiyoyi suka fi mutane yawa, duk wanda ya san Aulis Karppinen ya san katafilarsa. Tsohuwa ce tukuf, fentinta ya koɗe, ƙofarta ma da igiya ake ɗaure ta, amma ita ta haƙa rabin rijiyoyin garin. Shi Aulis gajere ne kakkaura, a yankan katako ya ƙare ƙuruciyarsa. Tun yana saurayi yake harbi ba ya toshe kunne, shi ya sa kunnen ya yi nauyi. In ka tambaye shi ya gwiwa, sai ya ce maka ai ruwa sai gobe. Matarsa Sirkka kuwa cewa take kurumtar tasa zaɓe take yi: ba ya jin a ce ya fitar da shara, amma daga bayan gida yana jin an buɗe tukunya.

Ba mai son tsuntsaye ba ne, wannan kowa ya shaida. Duk lokacin zafi yaƙi yake yi da masu cinye masa 'ya'yan itacen lambu. Ya taɓa yin mutum-mutumi da rigar da Sirkka ke zuwa coci da ita, suka yi kusan wata ba ta dafa masa abin kirki ba.

Ni da shi duk 'yan ƙungiyar maharba ne. Filin harbinmu yana bayan gari, kuma a ƙarshensa akwai tudun yashi da ke tare harsashi. Tudun ya tsufa, ya zaizaye, dalma ta cika shi har harsashi kan buge ɗan'uwansa ya yi tsalle. Wani ma'aikacin ƙaramar hukuma ya zo ya duba, ya ce ko a sake shi ko a rufe filin. Ga shi a wannan filin ake yi mana gwajin harbi, wanda bai ci ba kuwa ba zai fita farautar hirvi, ƙatuwar dabbar dajinmu mai ƙaho, da kaka ba. A wurinmu, namijin da aka tafi farautar hirvi aka bari a gida, to sai dai ya rufe labule don kunya.

Da ƙanƙara ta narke, shugabanmu Ensio Huotari ya kira gayya. Ensio tsohon mai kanti ne, mai son a jera komai kamar gwangwani a kan kanta. Ya raba aiki: wasu su kwashe tsohon yashi su tankaɗe dalma da rariya, wasu su kafa sababbin katakai, Aulis kuma ya ɗebo sabon yashi daga tulin da tifa ta zube a gefen fili. Ranar Asabar ta farko aiki ya yi kyau. Sauro ya ci mu, muka sha kofi da burodin Sirkka, Aulis ya yanke gefen tulin nan ya bar shi a tsaye kamar bango, muka watse.

Asabar ta biyu na ga ya hau katafila, ya tayar da ita, ya nufi tulin. Sai ya tsaya. Ya daɗe yana kallon gabansa, sannan injin ya mutu. Ya sauko, ya ɗan taɓa wani abu a ƙarƙashin kujera, ya ce mana ta lalace.

Babu abin da maza ke so kamar injin da ya ƙi tashi. Nan take aka zubar da shebur, aka kewaye katafila. Wannan ya ce batir ne, wancan ya ce ruwa ya shiga mai. Wani ya je gida ya ciro batirin taraktarsa, aka sa, shiru. Ensio, wanda bai taɓa canja ko taya ba, ya zagaya ta sau da yawa yana harbin ƙarfenta da takalmi. Aulis yana tsaye hannu a aljihu, duk shawarar da aka kawo sai ya gyaɗa kai ya ce mai yiwuwa. Babu wanda ya kalli tulin yashi, balle ya lura da ƙananan ramukan da ke jikinsa da 'yan tsattsewar da ke shiga suna fita.

Haka aka yi ta yi. Ensio ya ce a ɗebi yashin da baro, Aulis ya ce tulin zai rufto ya binne mutum, kuma duk ƙauyen babu wanda ke musu da shi a kan ƙasa. Ensio ya ce a kira makanike daga birni, Aulis bai ji ba. Ya maimaita da ƙarfi, Aulis ya ce ai ruwa sai gobe.

Sirkka ce ta fasa ƙwan. Wata Asabar ta kawo kofi kamar kullum, ta jera kofuna a kan benci, sannan ta ajiye wani ɗan fis, irin wanda in aka cire inji ba ya tashi, a gaban mijinta.

“Tsoho, ga abin da na samu a aljihun wandonka da zan wanke. Na ce ko na wani ne.”

Ensio ya ɗauki fis ɗin, ya juya shi, wuyansa ya yi ja. A hankali ya tambayi Aulis ko ya san mutum nawa suka kwanta a ƙarƙashin wannan gwangwanin nasa saboda wannan abin. Wannan karon Aulis ya ji sarai. Ya shanye kofinsa, ya nuna tulin da haɓa.

“Akwai ƙwai a ciki,” in ji shi. “Ni na yanka musu bangon. Ba a gina wa mutum gida a rushe shi a kansa.”

“Kai da ka sa wa sanda rigar matarka don ka kori tsuntsaye?” in ji Ensio.

“Waɗancan ɓarayi ne. Waɗannan sauro suke ci.”

Duk muka tafi muka tsaya gaban tulin, manya-manyan maharba, muna leƙen ramuka. Wani ya ce ya ji doka ma ta hana taɓa sheƙarsu. Ensio ya ce me ya sa ba a faɗa masa haka tun farko ba, Aulis ya ce ai shi bai san da dokar ba, kunya ce kawai ta hana shi magana.

Aka yi shawara a nan tsaye. Aka bar wa tsattsewa tulinsu, ƙanin Sirkka ya kawo wani yashin daga gonarsa da tarakta, katafila kuma ta warke nan take. Sai dai lokaci ya riga ya ƙure, Aulis kuma ya kafe cewa ba za a yi harbi ba sai 'ya'yan sun tashi. Dole muka ɗauki bindigoginmu muka tafi ƙauyen da ke tsallaken tafki, wurin mutanen da tun kakanni ba ma yarda sun fi mu saiti. Suka tarbe mu da fara'a fiye da kima. Ensio na kwanciya zai yi harbi sai wani daga baya ya fara kwaikwayon kukan tsuntsu, ya ɓarar da harsashinsa na farko a ciyawa. Ya dai ci gwajin da ƙyar. A hanyar dawowa kuwa Aulis barcinsa ya sha a kujerar baya.

Kafin sanyi ya shigo muka gama sabon tudun, ma'aikacin ya zo ya yaba. Tulin farko yana nan a gefe har yau. Duk shekara Aulis kan je ya yanke gefensa ya miƙe kafin tsuntsayen su iso, kuma mun saba da tsayar da harbi na 'yan makonni.

Bara aka yi masa aiki a gwiwa, likita ya hana shi hawa katafila. Wata safiya a watan Mayu na bi ta filin da karena, sai na hango mutum da shebur yana sassaƙe gefen tulin, yana ja da baya yana duba ko ya miƙe. Ensio ne. Da ya gan ni ya tsaya, ya share gumi, ya ce yashi ya zo ɗiba zai zuba a ƙofar gida saboda santsin ƙanƙara. Ga rana tana duka, ga ganye ya fito, ko bokiti babu a hannunsa. Na ce masa lallai bana santsi ya yi yawa, na ja karena na wuce.