Kaza Ta Taka, Haladu Bai Taka Ba

Ku matso, ga tabarma, in ba ku labarin Haladu maɗori, mutumin Gwiwa.

Shekara arba'in yana ɗori, gadon gidansu ne. Daga Roni, daga Babura, har daga ƙetaren iyaka ake kawo masa wanda ya faɗo daga babur ko wanda sa ya tunkuya. Akwai al'adar da ya tarar a gida: in ya ɗaure ƙafar mutum, sai ya karya ƙafar kaza ya ɗaure ta da 'yan karare. Ranar da kazar ta taka, mai karaya ya shirya tashi. Bai taɓa ganin abin ya saɓa ba.

Bara waccan da kaka bayansa ya soma ciwo, ya ce gajiyar cirar gyaɗa ce. Wata safiya zai miƙe daga tabarma, sai cinyarsa ta ce ƙaras. Bai faɗi ba, ba abin da ya buge shi.

Ƙanensa Daudu ya yi masa ɗorin, aka kamo farar kazar matarsa Inno aka karya mata ƙafa.

"Malam," in ji Inno, "mutum ya karye garin tashi daga tabarma? Mu je asibitin Kazaure."

"Haba Inno, maɗori a asibiti da karaya? Gobe wa zai kawo mini ɗansa? Bari kazarki ta taka."

"Kun nakasa mini mai ƙwai, kuma yanzu ita ce likitan!"

Ya yi dariya har bayansa ya amsa.

Kwana ashirin kaza ta taka, har da guje-guje. Haladu ya ce a miƙo sanda. Yana dogarawa, ƙashin damtsensa ya tafi. Aka kamo kaza ta biyu, ja. Ita ma ta warke sarai, shi kuwa sai rama, ga zazzaɓi, ga kumburin ƙafa. Wata biyar suka wuce a haka, Inno na magana, yana cewa a ƙara haƙuri.

Daudu ne ya gaji. Yana warware ɗaurin ya sunkuyar da kai. "Yaya, wannan ba irin karayarmu ba ce. Ƙashin nan a hannuna kamar karan da gara ta ci."

Aka kai shi asibitin Kazaure, daga can aka tura su Kano. Aka ɗebi jini, aka ɗebi ɓargo. Likitar, wata matashiya, ta jawo kujera kusa da gadonsa.

"Baba, a cikin ɓargo akwai ƙwayoyin da ke ƙera sinadarin kare jiki daga cuta. Wasu cikin naka sun zama ciwon daji. Suna ta hayayyafa, suna ta ƙera sinadari iri ɗaya da ba ya kare komai. Sun cika ɓargon suna raunana ƙashi, sinadarin kuma ya taru ya lalata ƙoda."

Haladu ya daɗe yana kallon hannunsa. "Wato masu gadin ne suka cinye gidan. 'Yata, da na zo tun karayar farko fa?"

"Da ƙodar ba ta kai haka ba, Baba."

Ya juya ya dubi Inno. Ba ta ce ai na faɗa ba. Mayafinsa kawai ta gyara masa.

Ya dawo gida bai sake takawa ba. Masu karaya ba su daina zuwa ba, Daudu na ɗori, shi yana kwance yana gyara masa da baki. Rannan ya riƙo rigar ƙanen nasa.

"Daudu, duk wanda ya karye bai faɗi ba, kar ka taɓa kaza. Nemo masa mota."

Kafin ruwan shuka Allah ya karɓi abinsa.

Kajin nan biyu suna nan a tsakar gidan Inno, fara da ja, ko ɗingishi ba sa yi. Ta hana a yanka su, ta hana a kyautar. To ku, da ku ne ita, za ku iya watsa musu tsaba kowace safiya?