Ƙwaryar da Ta Je Marina

Kakata Tumba ba ta yin tatsuniya kyauta. Sai ka kawo mata itace, ko da ƙirare ne, sannan ka zauna inda hayaƙi ba zai sa ka tari ka katse ta ba. Da an ci tuwo sai mu kewaye murhunta a ƙauyenmu can bayan Anka, tana tura gyaɗa cikin toka da tsinke. Ni take fara tsokana, don ni ne mijinta marowaci wanda bai taɓa kawo cefane ba. In ta gama da ni sai ta gyara zama ta ce, "To, ga ta nan ta iso, kowa shi ba ta wuri."

Wadda ta zauna mini ita ce ta ƙwaryar nono. Wai wata Bafulatana tana da farar ƙwarya da ba ta san komai ba sai nono. Aka yi fari, shanu suka ƙafe, aka rataye ƙwarya a ragaya. Ta ga zaman ba zai fisshe ta ba, ta sauko ta tafi neman aiki. Ta yi ɗiban ruwa a bakin rijiya, ta yi wa mai hatsi awo, kowa yana yaba wayonta. Sai ta ji an ce marina ta fi ko'ina samu, ta je ta shiga kwasar baba. Da damina ta dawo, shanu suka kawo nono, ta koma gida da murna. Bafulatana ta wanke ta da yashi, ta kankare, ta shanya. Aka tatsa a ciki, nono ya fito shuɗi. Daga ranar aka ajiye ta bakin randa, kaji suna shan ruwa a ciki.

Ni kuwa abin ya ba ni haushi. Na ce, "Kaka, to da ta zamna ragaya har ta ruɓe?"

"Wa yac ce ta zamna?" in ji ta. "Ruwa ta ɗiba, hatsi ta auna, mi yas same ta? Kai dai mijin banza, in za ka shiga abu, tambayi ko shina wankuwa."

Na yi dariya, na ci gyaɗata, na manta.

Da na girma, injin niƙa ya zama sana'ata. Shekara da shekaru matan gari da na rugage suna jera kwanoni a bakin rumfata, har na san na wace ce ko ba ta wurin. Sai zinare ya ɓulla wajen Abare da kewaye. Samari suka bar gona, niƙan hatsi ya ja baya, masu haƙa suka fara sauke buhunan dutse suna cewa injina zai iya. Ya kuwa iya. Abokai suna ta yabo, wai Garba tsoho ne amma ya san zamani. Ba wanda ya san akwai gubar dalma a dutsen sai da yara suka fara suma, ma'aikatan lafiya suka zo, aka kwashe ƙasar gidaje, aka fitar da injunanmu bayan gari. A can na ci gaba da niƙa dutse, har hanyoyi suka lalace da 'yan bindiga, gwamnati kuma ta hana haƙar.

Na dawo da injin rumfarsa ta da. Na sa masa sababbin haƙora, na wanke shi da sabulu, na niƙa dusa na zubar, na sake niƙawa na zubar. Mata suna wucewa da kwanoni a ka, su ce, "Sannu da hutawa, Baba Garba," su nufi sabon injin da ke bakin kasuwa. Ban ga laifinsu ba.

Yanzu na doshi sittin. Gonata tana cikin dajin da ba a shiga, ƙarfin sayen wani inji babu, kunnena ɗaya ƙarar inji ta cinye shi. Masu ba ni shawara suna cewa in sauya sana'a, sai ka ce ba sauyin ne ya kawo ni nan ba. Sai yanzu na gane Kaka ba ta taɓa hana ƙwarya fita ba. Tambaya ɗaya kawai ta bar mini, ita ma ban yi ta ba, don lokacin da buhunan suka zo ban san akwai abin tambaya ba. Wannan shi ke ci mini rai.

Rannan matata Hajo ta fito daga gida da kwanon gero. Na miƙa hannu na ce ta kawo. Ta tsaya, ba ta dube ni ba.

"Malam, ka yi haƙuri. Kunun jikokinka na."

Na sauke hannuna, ta wuce. Da na waiwaya sai na ga kazarmu ta haye kan injin tana leƙen tsaba a cikinsa. Ƙwaryar Kaka ko kaji sun sha ruwa a cikinta. Ni tashi na yi da sauri na kori kazar.