Garin da Baba Ya Ba Mota

Wata Asabar ce a daminar 1979, ina tsaye a bakin titin Kawukudi a Ankara, babban birnin Gana, da tiren dafaffen waken Mma, mahaifiyata, a kaina, ban sayar da ko cokali ba, don ba ciniki ne ya fito da ni ba. Tun da asuba Babanmu ya shiga tseren motoci na wuni guda, wanda ake tashi daga Ankara a bi ta kan duwatsu da hanyoyin jar ƙasa, a dawo kafin magariba. Shi makaniki ne a unguwar Nima, kuma da hannunsa ya harhaɗa shuɗiyar motarsa daga gawarwakin motocin mutane. Mma ta yi faɗa har ta gaji, daga ƙarshe ta ƙulle masa garin rogo da sukari a ƙyalle ta ce, "Ka ci wannan, kar yunwa ya kashe ka kafin mota." Haka Hausarmu ta zango take, ba ruwanta da mace ko namiji.

A lokacin babu wayar hannu. Labarin tsere a bakin direbobin trotro, motocinmu na haya, yake zuwa, kowa da abin da ya gani ko ya ƙara. Bayan azahar wani direba da ya sauko daga unguwar Madina ya leƙo ta taga ya ce shuɗiyar mota ta kife a gangaren dutse, an kwashi mutum. Na tambaye shi lambarta, ya ce laka ta rufe komai, ya ja motarsa. Wallahi na tsani mutumin nan har yau. Na ruga gida waken na zuba a hanya. Mma na wanke tukwane a tsakar gida, ta saurare ni, sai ta ci gaba da dirzar tukunyar da ta riga ta fita tas. Matan gidan haya suka daina hira, yara suka bar wasan ampe, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar ɗakinmu ba tare da kowa ya faɗi dalili ba. Tabarmin nan sun fi komai tsorata ni.

Motocin tsere suka dinga dawowa ɗaya bayan ɗaya, duk sun koma ja. Ana kiran magariba muka ji ihun yara daga bakin kwata, sai ga motar Baba tana tari kamar tsohuwa, ita ce ta ƙarshe. Ashe wata shuɗiyar ce daban ta kife, mai ita ya karye a hannu. Ta Baba kuwa lagireto ne ya huje a daji, sai ya juye garin nan a ciki, ya kumbura ya toshe ramin. Ya fito yana rawar yunwa. Mma ta dube shi ta ce, "Mota ka ba abincinka?" Sannan ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka.

Yanzu jikana yana kallon irin wannan tsere a wayarsa. Yana ganin inda kowace mota take, da zafin injinta, ana ma yi wa direba magana a kunne. Na yi murna da babu yarinyar da za ta sake jiran bakin direban trotro. Amma har gobe in na jiƙa gari na ga yana kumbura, sai na tsaya ban kai baki ba.